Da idona na ga jirgin yana ci da wuta, amma Inna ta ce ranar muna Madina

Tambayar ta zo daga wani ɗan'uwa ɗan shekara 40, haifaffen unguwar Karantina a Jidda. Ga abin da ya rubuto, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Likita. Ina tuna ranar da jirgin alhazan Sakkwato ya faɗi a 1991 kamar jiya aka yi. Ina saman soron gidanmu ni da Yaya, na ga jirgin yana ci da wuta, in na tuna har ƙaurin hayaƙin nake ji a hancina. Shekara da shekaru ina ba da wannan labari. Bana Inna ta ji ni ina faɗa, ta ce ai ranar muna Madina wurin Gwaggo, Yaya ma ya ce haka ne. Ƙofar gidanmu kuma koriya na san ta, da aka fito da tsohon hoto sai ga ta shuɗiya. Tun da aka rushe unguwarmu, wani lokaci ina cikin tafiya sai in ji komai kamar a mafarki. A TikTok na ga ana cewa duniyar ce aka sauya, wai dubban mutane sun tuna Mandela ya mutu a kurkuku. Wani abokina kuma ya ce shafar aljanu ce, in je a yi mini ruƙya. Don Allah kaina ne ya taɓu, ko da gaske wani abu ya canza?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kwantar da hankalinka. A abin da ka rubuto ban ga alamar taɓin hankali ba, kuma babu wanda ya sauya duniya. Na fi shekara 20 ina duba masu larurar ƙwaƙwalwa da damuwa a nan Jidda, ni kaina a Makka aka haife ni, wajen Shari' Mansur, kuma irin tambayarka na sha jin ta. Yawanci ba a yin ta sai a ƙarshen ganawa, mutum ya miƙe zai fita, sannan ya juyo ya yi ƙasa da murya. Game da jirgi, zato mafi rinjaye Inna ce ke da gaskiya, tunda ita babba ce a lokacin, ga kuma Yayanka ya goyi bayanta. Amma kai ma ba ƙarya ka shekara 30 kana shara wa mutane ba. Yadda waɗannan biyun ke zama gaskiya tare shi nake so ka fahimta, don in ka gane shi rabin tsoron ya tafi.

Jirgin dai ya faɗi. Ranar 11 ga Yuli 1991 da safe, jirgi ƙirar DC-8 da aka yi haya don kwasar alhazai ya tashi daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz zai nufi Sakkwato. Tayoyinsa sun fashe sun kama wuta tun yana gudu a ƙasa, aka naɗe su cikin jirgi da wutar, ta ci cikinsa, matuƙi ya juyo zai sauka bai kai ba. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita. Allah Ya jiƙansu.

To, ka dubi yaro ɗan shekara 6 a unguwar Hausawa a Jidda a wannan makon. Ko da kuna Madina ranar, ai kun dawo, kuma abin da kuka tarar ke nan a kowane gida. Wasu sun sauki waɗannan alhazai, wasu sun sayar musu da tsaraba, wasu sun raka su har mota. Manya suna zaune a tabarma suna ta siffanta yadda wutar ta tashi, kai kana gefe kana saurare, kuma yaro ba ya jin labari sai ya zana hotonsa a ransa. Saman soron gaskiya ne, ka sha hawa da Yaya, ka sha ganin jirage suna wucewa. Ƙaurin hayaƙi ma ka san shi, ko na shara da ake ƙonawa. Duk kayan haɗin suna nan a kanka, kowanne na gaske. Abu ɗaya ya ɓace: shaidar inda kowane yanki ya fito. Ƙwaƙwalwa ta fi riƙe abu a kan riƙe inda ta samo shi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma bayan shekaru ji kan sa rigar gani, mai shi kuma ba zai iya bambancewa daga ciki ba.

Ba kai kaɗai jirgi ya yi wa haka ba. A watan Oktoba 1992 jirgin ɗaukar kaya ya faɗa kan wani dogon benen gidaje a Amsterdam, ƙasar Holan. Bayan wata 10 masu bincike suka tambayi mutane: kun ga hoton talabijin na lokacin da jirgin ya daki ginin? Kashi 55 cikin 100 suka ce sun gani, a rukuni na biyu kashi 66, da yawansu har suna faɗin yadda jirgin ya karkata da yadda wuta ta tashi. Babu wannan hoto, ba wanda ya ɗauka. A Amurka kuma, washegarin tarwatsewar kumbon Challenger a Janairu 1986, wani malamin jami'a mai suna Ulric Neisser ya sa ɗalibai suka rubuta inda suke da wanda ya gaya musu. Bayan kusan shekara 3 ya sake tambayarsu. Da yawa labarinsu ya canza, wasu gaba ɗaya. Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan binciken shi ne, da aka nuna musu takardunsu na farko, sun yarda rubutun hannunsu ne, amma tsohon tunin bai dawo ba, sabon shi suke ci gaba da gani. Yaƙinin da mutum ke ji a ƙirjinsa bai auna gaskiyar abin da ya tuna.

Mukan ɗauka ƙwaƙwalwa kaset ce, abin da ya shiga yana nan, sai a mayar baya a kunna. Wanda ya san ginin ƙasa na gida ya fi kusa da gane ta. Katangar gidan kakanka a Kano ko Katsina tana nan inda aka san ta, amma duk bayan damina sai an kwaɓa sabuwar ƙasa an yi yaɓe. Bayan shekara 30 ka ce katangar Kaka ce, kuma ba ka yi ƙarya ba, alhali ƙasar da ke fuskarta ba ita Kaka ya shafa da hannunsa ba. Haka tuni yake. Launi yana ajiye a wani sashe na ƙwaƙwalwa, murya a wani, wari a wani, sai wani ɗan sashe da ake kira hifokamfas ya ɗinke su duk lokacin da ka nema. Inda aka sami giɓi sai a cike da abin da ya dace da wurin. Wani masani a Ingila, Frederic Bartlett, ya nuna haka tun 1932: ya ba Turawa tatsuniyar wata al'umma da ba su sani ba, duk maimaitawa sai su zubar da abin da ya yi musu baƙo, su sa abin da suka saba. A shekarar 2000 kuma gwaji a kan ɓeraye ya nuna cewa tuni in an taso shi yakan yi laushi na ɗan lokaci kafin ya sake daskarewa. Ke nan labarin da ka fi yawan bayarwa shi ya fi shan yaɓe.

Kalma ɗaya ma ta isa. A 1974 wata mai bincike a Amurka, Elizabeth Loftus, ta nuna wa mutane hoton haɗarin mota. Waɗanda aka tambaya gudun motocin lokacin da suka "ragargaji" juna sun ce sama da mil 40 a awa, waɗanda aka ce wa "taɓa" juna suka ce ƙasa da 32. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambaya ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin mutum 50 da suka ji "ragargaza", 16 suka ce sun gani, cikin 50 da suka ji "bugu" 7 kawai. Gilashi bai fashe a hoton ba. Kana iya gwada irinsa a gida yau. Karanta wa yara waɗannan: gado, matashi, bargo, mafarki, minshari, gyangyaɗi, hamma, dare, katifa, farkawa. Ku yi wata hira ta minti biyar, sannan ka ce kowa ya faɗi abin da ya ji. Za ka sami wanda zai rantse ka ce "barci".

Abin da ke ba ni sha'awa shi ne malamanmu na hadisi sun san wannan fiye da shekara 1,000 kafin waɗannan gwaje-gwaje, har sun gina ilimi guda a kansa. Ba su taɓa wadatuwa da cewa mai ruwaya mutumin kirki ne ba. Sun raba adalcinsa daban, kiyayewarsa daban, wato dabɗi, kuma dabɗin ma sun raba na ƙirji da na littafi. Za ka ga an rubuta game da mutum "saduƙun lahu auham", mai gaskiya ne amma yana da ruɗe-ruɗe. Babu zagi a ciki, babu zargin ƙarya, babu zancen hauka. Suna da babin ikhtilaɗi, wanda haddarsa ta cakuɗe a ƙarshen rayuwa, sai su bi diddigi su ware wa ya ji daga gare shi kafin, wa ya ji bayan. Ibn Lahi'a, alƙalin Masar, an ce littattafansa sun ƙone ya koma dogaro da ka, sai darajar ruwayarsa ta bayan nan ta sauka. Abdurrazzaƙ na San'a'a, mai littafin Musannaf, babban malami ne, amma da ya makance Imam Ahmad ya ce wanda ya ji daga gare shi bayan tafiyar ganinsa, jinsa mai rauni ne. Sannan suna da kalmar da nake so ka riƙe, talƙini: a ce wa malami "ai wane ya ba ka hadisi kaza", ya amsa da e, daga nan ya riƙa ruwaito shi a matsayin nasa. Abin da Loftus ta auna da motoci ke nan.

Ka tuna kuma hadisin Zul-Yadaini a Bukhari da Muslim. Manzon Allah (SAW) ya sallame a raka'a biyu a wata sallar rana, Zul-Yadaini ya ce: an rage sallar ne ko ka manta? Ya ce ban manta ba, ba a kuma rage ba. Sannan ya juya ga jama'a ya tambaye su ko haka ne yadda Zul-Yadaini ya faɗa. Suka ce haka ne, ya cika, ya yi sujada biyu. Malamai sun ce hikimar a koya wa al'umma hukuncin rafkanuwa ne. Ni abin da nake nuna wa masu zuwa wurina a ciki shi ne matakin da aka ɗauka da saɓani ya zo: an tambayi waɗanda ke wurin. Har a cikin ruwayar, Ibn Sirin yana cewa Abu Huraira ya faɗi sunan sallar amma ni na manta. Shi ya sa har yau ake tsayar da mahaddaci a bayan liman a tarawihi, don ayoyi masu kama da juna sukan ja harshen gwani ya tsallaka wata sura bai sani ba.

Yanzu zancen Mandela. Wata Ba'amurkiya mai suna Fiona Broome ce ta yaɗa sunan "Mandela Effect" wajen 2009, da ta ga ita da wasu suna tuna wai ya mutu a kurkuku a shekarun 1980. Mutumin an sake shi ranar 11 ga Fabrairu 1990, ya shugabanci Afirka ta Kudu daga 1994 zuwa 1999, ya rasu 5 ga Disamba 2013. Ruwa ba ya tsami banza: Steve Biko, shi ma ɗan gwagwarmaya a ƙasar, ya mutu a hannun 'yan sanda a 1977, Mandela kuma ya kwanta asibiti da tarin fuka a 1988. Wanda ke bin labarin daga nesa, sama-sama, cikin sauƙi zai haɗe su. Ka je Soweto a can Afirka ta Kudu ka nemi wanda ya tsaya a layi ya jefa masa ƙuri'a a 1994 ka ce masa an sauya duniya. Irin wannan kuskure kullum yana faɗawa ne kan abin da mutum bai riƙe da kyau ba tun farko, kuma mutane da yawa suna tarayya a kansa don sun sha daga rijiya ɗaya.

Mu ma muna da namu. Tambayi mutum goma a wace sura sunan Hauwa'u ya zo, za su fara lalube. Bai zo ba, Alƙur'ani "matarka" ya ce. Habila da Ƙabila ba a ambaci sunansu ba, "'ya'yan Adamu biyu" aka ce a Ma'ida. Azara'ilu babu, "Mala'ikan mutuwa" ne a Sajda. Zulaiha babu, "matar Azizu" ce. Bilƙisu babu a Namli, Halliru babu sunansa a Kahfi. Duk a tafsiri da ƙissa da wa'azi muka ji su tun muna yara, suka manne wa ayoyin a kanmu. Babu mai hankalin da zai ce an canza Mus'hafi, ga miliyoyin mahaddata, ga kwafe na ɗaruruwan shekaru. Mun riƙe sunan, mun manta inda muka ji shi, kamar yadda ka riƙe wutar jirgi.

Ƙofar gidanku kuwa, kada ka yi saurin ba da kai. Ana sake fenti, kuma tsohon hoto yana koɗewa, in ruwan ɗorawar da ke cikinsa ya tafi sai kore ya koma shuɗi. Mai yiwuwa kai ne da gaskiya, mai yiwuwa kuma ƙofar masallacin layinku ka ɗauko. Hoto shaida ne mai ƙarfi, amma shi ma ana yi masa tambaya, balle yanzu da kwamfuta ke ƙera "tsofaffin hotunan Makka" ana yawo da su a WhatsApp.

Ni ma ya same ni, kuma sanin ilimin bai hana ba. Shekaru ina tuna na sauka matattakalar Zamzam a cikin mataf, wato filin ɗawafi, riƙe da hannun ɗana na fari, sanyin marmara a tafin ƙafa, ruwa yana malala, yana nuna mini rijiyar ta bayan gilashi. Wata rana na faɗa a gaban mahaifiyarsa, ta yi shiru, ta ce ai an rufe mashigar a 2003, shi kuwa 2004 aka haife shi. Na daɗe a zaune. Daga baya na gane hoton na gaske ne, mutanen na musanya: Baba ne, Allah Ya jiƙansa, riƙe da hannun ƙanena, ni ina biye da su. Da na zama uba sai ƙwaƙwalwata ta sa ni a gurbinsa. Har gobe in na rufe ido ɗana nake gani a matattakalar, na dai san ba haka aka yi ba, kuma sanin ya ishe ni.

Saura abin da na fi ba muhimmanci a wasiƙarka, wato jin komai kamar a mafarki. A nan, ƙanena, da gaske wani abu ya canza, kuma ba a ɓoye aka yi ba. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe Karantina da Sabil da Ghulail da Kandara da wasu unguwanni da dama. Baƙala, wato shagon layi, da kake sayen burodi, lungun da kuka buga ƙwallo, bakin ƙofar da Inna ke zama da maƙwabta, duk sun zama fili. Mu 'yan Makka mun riga ku ɗanɗana: ganuwar Ajyad ta tafi a 2002 aka dasa benen agogo a wurin, unguwar Shamiyya ta shiga faɗaɗa Harami daga 2008. Hutun mako ma ya tashi daga Alhamis da Juma'a ya koma Juma'a da Asabar a 2013, a Maris 2020 kuma muka ga mataf babu kowa. Mutumin da ya rayu cikin wannan duka in ya ce duniyar ba ita ba ce, bai faɗi abin mamaki ba. Kuma hifokamfas ɗin nan da ke ɗinke tuni shi ne dai ke riƙe taswirar wurare, binciken da ya nuna haka ya ci kyautar Nobel a 2014. Tuninmu a jikin wurare yake rataye. Da, in shakka ta zo maka, sai ka bi ta layinku ka ga ƙofar da idonka. Yanzu babu inda za ka je ka duba, maƙwabtan da za ka tambaya kuma sun watse, wasu Makka, wasu Kano, wasu Damagaram. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kai kuwa har wurin da bara ta zauna an share. Wannan rashi ne, kuma yana da makoki ko da ba a yi zaman karɓar gaisuwa ba.

Shi wannan ji yana da suna, in ka je asibiti a nan ka ce "tabaddudul waƙi'i" za su gane. Mutum ya ji kamar akwai gilashi tsakaninsa da duniya, muryoyi suna zuwa daga nesa, titin da ya sani ya zama baƙo. Mutane da yawa sukan ji shi ko sau ɗaya a rayuwa. Damuwa mai tsawo ce ke kawo shi, da firgici, da baƙin ciki, da rashin barci, kuma ka san yadda muke mayar da dare rana a garin nan, musamman da azumi. Wiwi da ƙwayar kaftagon ma suna tayar da shi sosai. Ƙwaƙwalwa ce ke rage ƙarfin ji in kaya sun yi mata yawa. Ka lura da kalmar da ka yi amfani da ita: ka ce "kamar" a mafarki. Wannan "kamar" ita nake nema a bakin mara lafiya. Tana nuna ka san ji ne, kana tsaye a gefe kana kallonsa kana tuhumarsa. Wanda hankalinsa ya taɓu da gaske yawanci ba ya cewa kamar, kuma ba shi ke rubuto wa likita yana tambaya ba.

Akwai inda zan ce kada a jira. In mutum ya dage cewa matarsa ko uwarsa an musanya ta da mai kama da ita, ko yana jin muryoyi suna ba shi umarni, ko ya kwana uku bai runtsa ba kuma ba ya jin gajiya, ko tunanin kashe kansa yana zuwa masa, a kai shi asibiti a ranar. In jin baƙuntar yana zuwa farat ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi, da wani wari da ba kowa ke ji ba, ko abu yana tasowa daga ciki zuwa maƙogwaro, mutum ya ƙura ido yana tanɗe baki bai san ana yi masa magana ba, wannan yana iya zama nau'in farfaɗiya da ba ta kayarwa, kuma tana da magani. Ka ambaci ƙaurin hayaƙi, shi ya sa na kawo wannan: in sai ka tuna labarin yake zuwa, ba komai, in kuwa yana faɗo maka haka kawai, ka faɗa wa likita. Tsofaffi kuma nasu daban ne. An taɓa kawo mini wata dattijuwa da zafin bazara, kwana biyu tana cewa wannan ba gidanta ba ne, wannan ba 'yarta ba ce. An riga an yi mata hayaƙi da tofi. Fitsarinta muka auna, ciwon sanyin mafitsara ne da ƙarancin ruwa a jiki. Kwana huɗu da ƙarin ruwa da magani ta kira 'yar da sunanta tana tambayar ina goronta. Rikicewar tsoho ta farat ɗaya ciwon jiki ce har sai an tabbatar ba shi ba ne. A nan Saudiyya layin 937 na Ma'aikatar Lafiya yana ba da shawarar likita ta waya, motar asibiti kuma 997.

Game da ruƙya, ban hana ka karanta Alƙur'ani da azkar a kanka ba, ni ma ina yi, kuma ba ta hana ganin likita. Abin da nake jiye maka tsoro shi ne mai ruƙyar da ke yin talƙini. Na ga ɓarnarsa da idona fiye da sau ɗaya. A zaunar da mace a gajiye, a tsorace, ana ɗaga murya a kanta: ki tuna, ba wata ta taɓa ba ki abinci a biki ba? Baƙa ce ko fara? Ba 'yar'uwar mijinki ba ce? Zama na farko ta ce ban tuna ba. Na uku ta ce kamar dai. Na biyar tana ganin kwanon, tana faɗin launin murfinsa, tana kuka, kuma ba ƙarya take yi ba, gani take. A 1995 Loftus ta haɗa baki da dangin mutum 24 aka ba su labarin ƙarya cewa sun taɓa ɓata a kasuwa suna yara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka "tuna", wasu har da ƙarin bayani. Can cikin natsuwa aka yi, babu tsoro babu ihu. Ina ga wadda aka ce mata rayuwarta ta rataya a kan ta tuna? Da irin wannan tuni an raba aure, an yanke zumunci, an bar tsohuwa da tambarin maita har kabarinta. Duk wanda zai sa maka suna ko hoto a baki sannan ya ce ka tuna, tashi ka bar wurin.

Abin da nake so ka yi ba shi da yawa. Ka bar kallon waɗannan bidiyo, musamman da dare, don kowane ɗaya talƙini ne, kuma in ka kalli ɗaya manhajar za ta jero maka ɗari. Ka gyara barcinka na mako uku, lokaci ɗaya kullum, ka rage shayi da gahawa bayan La'asar. In jin mafarkin ya zo kada ka tsaya gwada kanka ko duniya gaske ce, gwajin ke ƙara masa ƙarfi. Ka yi alwala da ruwan sanyi, ka taka ƙasa ba takalmi, ka kira sunayen abubuwan da ke gabanka, ka ci gaba da abin da kake yi, yakan wuce da kansa. In bayan wata guda yana nan, ko yana hana ka aiki ko tuƙi, ka ga likitan ƙwaƙwalwa, akwai magani ta hanyar zantawa, kuma in damuwar da ke ƙarƙashinsa ta sauka shi ma yakan bi ta.

Sannan ka koma wurin Inna, ba don gardama ba. Kada ka ce mata "ba kaza aka yi ba?", ka ce "Inna, ba ni labarin zuwanmu Madina shekarar da jirgi ya faɗi", ka kunna rikoda a wayarka ka yi shiru. Yaya ka tambaye shi daban, kafin su haɗu su daidaita labari, Gwaggo ma in tana raye haka. Inda suka haɗu ba tare da sun ji juna ba, nan ne ƙasa mai ƙarfi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, tsakanin muminai masu gaskiya, don haka ka rubuta abin da ka samu da kwanan wata. Ka nemi tsofaffin maƙwabtanku tun suna da rai, kowa ya zana maka layin yadda ya san shi, gidan wa ke bin na wa, ina baƙala, ina famfo. Za su saɓa wa juna, ka rubuta saɓanin yadda yake. Ka tambayi Inna kuma wa ya fara kawo muku labarin jirgin bayan kun dawo, da inda aka zauna aka ba da shi. Ba zan yi mamaki ba in ta ce a saman soro ne, da dare, ana shan iska, kai kana kwance a cinyarta.